Injina Ya Sha Barasa

Shekara arba'in da bakwai ina bisa ruwa,
bakina bai san ɗanɗanon giya ba.
Sai ga shi a gaɓar Lagdo, wata Laraba,
Njidda makanike ya ɗago kai daga kafireta
ya ce: Tanimu, injinka mashayi ne.

Na ce a'uzubillahi.
Ya tsiyaye man cikin kwalbar lemo,
ya ɗaga ta saitin rana.
Sama fetur, garau.
Ƙasa wani abu ya kwanta fari-fari
kamar ruwan da ke rabuwa da kindirmo.

Ya ce wannan man da itanol a cikinsa,
rake ne ko masara
aka dafa har ya manta sunan ubansa.
A motar da ke tafe kullum ba ya laifi,
yana ƙonewa tas.
Amma ƙishirwa gare shi.
Bar shi a tanki ya yi kwanaki,
zai sha raɓa, ya sha hucin tafki,
in ya ƙoshi ya saki fetur ya nutse ƙasa,
daidai inda bakin tiyo ke jira.

Sati biyar na bar shi, Njidda.
Ina Garwa, kan tabarma a barandar asibiti,
ina ƙirga ɗigon ruwan da ake ƙara wa Jaratu.
Wa ke tuna tanki?

Da na dawo, bashi ya riga ni isa gida.
Na fita da asuba, koma ta yi nauyi:
karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa guda
da ya kai tsawon ɗan autana.
A komowa, bayan tsibiri,
injin ya yi tari sau biyu,
ya yi shiru irin na wanda aka kama da ƙarya.
Na ja igiya har kafaɗata ta yi magana.
Dorina ta ɗago kunne, ta dube ni, ta koma.
Awa shida da filafili.
Da na iso, motar 'yan kifi ta tafi,
ƙanƙara ta zama ruwa,
ƙuda ne kaɗai suka yi ciniki.

Washegari wani yaro mai jakar baya
ya nuna min 'yar kwalba ja, sefa dubu biyu.
Murfi ɗaya, in ji shi,
injin tsoho zai koma ango.
Na saya. Mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.
Na zuba murfi uku don a yi ta ta ƙare.
Ango bai tashi ba.

Njidda bai yi dariya ba wannan karon.
Ya ce: maganin ba ƙarya ba ne duka,
wani yana tsare sabon mai kada ya tsufa,
amma wanda ya riga ya rabu
ba kwalbar da za ta ɗaura masa aure.
Ya ciro tiyon, ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya,
ya busa 'yar ƙofar mai da bakinsa,
ya goge fulogi da gefen rigarsa.
Kuɗin aiki, ya ce, sai ranar da kifi ya yarda.

Yanzu kowace magariba, kafin alwala,
nakan rufe famfon mai, in bar injin ya shanye na cikinsa
har ya yi barci da kansa.
In toshe jarka, in kai ta inuwa.
Jaratu na zaune bakin ƙofa, ta fara cin tuwo,
tana cewa na fi lallashin injin a kanta.

'Yar jar kwalbar tana nan kan taga.
Ta wanke ta sau bakwai,
ta sa allurai a ciki.